Ku Tambaya A Ba Ku Amsa: Tsamiyar Maguzawa, Hajarul Aswad da Wuraren Ibadar Wasu

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato wuraren da mutane ke girmamawa, namu da na wasu, shi ya sa na haɗa su waje ɗaya. Na cire sunaye kamar yadda muka saba, wasu kuma na rage musu tsawo don wani sai ya cika shafi da gaisuwa kafin ya zo kan magana. A tuna dai, nan filin tarihi ne da shawara, fatawa kuwa tana wajen malaman garinku.

TAMBAYA: Salam Malam, ya damina? Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙasar Rogo. Wallahi wata magana ce ta raba mana kai a gari, akwai wata tsohuwar tsamiya a bayan gari ta hanyar rafi, Maguzawan da suka rage mana basu fi gida biyar ba, to duk shekara kafin shuka sai sunje gindinta sun yanka jan zakara ko ɗan akuya, mu kuma samarin majalisarmu mukace abin ya isa haka a garin da ake kiran sallah sau biyar, mun yanke shawarar sare ta, har wani mai gawayi yace zai kawo inji kyauta ya kuma bamu wani abu mu sa a asusun masallaci. Mai gari yace mu dakata. Wani malamin makarantarmu kuma yace ai ko Sarkin Kano Rumfa sare bishiyar tsafi yayi ya gina masallaci a wurin. Da gaske ne? In da gaske ne me zai hana muma muyi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, damina alhamdulillahi. Malaminku bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya ba ku, kuma rabin da ya bari shi ya fi shafarku.

Abin da tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo shi ne, tun kafin zuwan Bagauda wajen shekara ta 999 mutanen da ke zaune a kewayen Dutsen Dala suna da abin bautarsu mai suna Tsumburbura, wurinta kuma wata bishiya ce da ake ce wa Shamus, an zagaye ta da katanga, ba mai shiga sai babbansu Barbushe. Jama'a su kawo baƙin bunsuru, baƙar kaza, baƙin kare, shi ya shiga ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Gidan Bagauda sun yi sama da shekara 300 suna sarauta wannan wuri yana nan daram, sai a zamanin Sarki Tsamiya, 1307 zuwa 1343, aka rushe shi. Bayansa Wangarawa suka zo daga Mali zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, sarki ya kama sallah, aka ci Santolo da ke ƙasar Dawakin Kudu ta yanzu. To duk da haka da Shehu Maghili ya iso Kano zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, sai da ya tarar da wata bishiyar da ake girmamawa a tsakiyar birni, ita ce aka sare aka gina hasumiya a gurbinta. Nan malaminku ya tsaya.

Ga ci gaban. Bayan Rumfa da kamar shekara 100, zamanin Sarki Muhammadu Zaki, sai ga wani abu wai shi Dirki, Alƙur'ani ne aka naɗe da fata, aka yi ta ƙara masa fata kan fata, ana yanka masa shanu in gari ya shiga damuwa. A cikin fada fa, ba a ƙauyen Maguzawa ba. Haka aka yi ta tafiya har zamanin Alwali, 1781 zuwa 1807, shi ne ya ba da umarni aka fasa shi da gatari. Ka ga kenan an rushe katanga an sami bishiya, an sare bishiya an sami Dirki. Kai manomi ne ka san ciyawar ƙiri-ƙiri, in ka share ganyenta ka bar saiwa a ƙasa, ruwan farko za ta gaishe ka.

Sannan ka duba wanda ya yi saran. Sarki ne mai iko da garinsa, da babban malami a gefensa, a filin da yake ƙarƙashin hukuncinsa. Ku kuwa majalisar samari ce, kuma mai garin da ke da ta cewa ya ce ku dakata. Tsamiyar a gonar wa take? In a gonar Bamaguje take to dukiyar mutum ce, kuma ranar da aka kai ku gaban alƙali ba wanda zai tambaye ku tarihin Rumfa. Ko sarakunan da suka hau bayan jihadi, waɗanda ba za ku ce kun fi su kishin addini ba, sun bar Maguzawa a gonakinsu da al'adunsu suna karɓar jiziya a hannunsu, shi ya sa har yau kuke da su a maƙwabta.

Na san za a kawo muku Shehu Usmanu, kuma gaskiya ne ya yi kakkausar magana a Nurul Albab kan masu yanka wa itatuwa da duwatsu. Amma da wa yake? Da mutumin da ke cewa shi Musulmi ne, yana sallah yana azumi, sannan ya zagaya gindin kuka. Haka hadisin Zatu Anwaɗ da Tirmizi ya ruwaito, mushrikai na da wata magarya da suke rataya makamai don neman albarka, wasu sababbin shiga Musulunci suka ce a sanya musu irinta, su Annabi (SAW) ya tsawatar wa. To ku zauna ku tambayi kanku tsakani da Allah, gida biyar ne kawai ke zuwa gindin tsamiyar nan? A yawancin garuruwan da na sani Maguzawa da rana suke zuwa kowa na gani, masu zuwa da daddare kuwa, mai neman haihuwa, ɗan takara in zaɓe ya matso, wanda aka sace wa shanu, ranar Juma'a a sahu ɗaya kuke da su. Aikinku yana nan, kuma karatu ne da wa'azi, inji ba ya yinsa.

Wani abin da samarin yanzu ba su sani ba, Bamaguje bai ce tsamiya ce ta halicce shi ba. Ya yarda akwai Allah, sai dai a ganinsa harkar yau da gobe, ruwa da amfanin gona da ciwo, tana hannun iskoki irin su Kure da Doguwa da Sarkin Rafi, kowanne da kalar dabbar da yake karɓa, bishiya kuma masauki ce kawai. Kuma a cikin gidansa yana da jigo da ya kafa inda yake yanka. Kun sare ta waje, ta cikin gidan fa? Abin da za ku samu kawai shi ne maƙwabci mai riƙe da ku a zuci. Maguzawa da yawa a kudancin Kano da Katsina coci suka shiga a shekarun nan da suka wuce, kuma ni a nawa ganin ba ƙaramar rawa wulaƙancinmu ya taka ba, kullum arne kaza arne kaza, ba a zuwa sunansu ba a zuwa gaisuwar mutuwarsu. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin bautar wani don kada ya rama da zagin Allah, zagi ma kenan.

Shi kuwa mai gawayi, haba ɗana. Tsamiyar da ta shekara ɗari buhu nawa kake jin za ta ba shi? Ka zagaya ƙauyukanmu ka gani, manyan itatuwan da suka tsira yawanci waɗanda ake jin tsoro ne ko na maƙabarta. Ku bi maganar mai gari, ku bar masa injinsa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce ƴar Ringim ina karatun jinya. Wata ƙawata Kirista da muke ɗaki ɗaya tace min wai mu muna zagin masu gumaka alhali muma ɗaki muke zagayawa muna sumbatar dutse. Wallahi naji zafi amma na rasa me zance mata.

AMSA: Ƴata, kada ki ji zafi, tambaya ce mai kyau kuma amsarta ta girme mu duka. Sayyidina Umar ya tsaya gaban Hajarul Aswad ya ce ya san shi dutse ne, ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, ba don ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbace shi ba da bai sumbace shi ba. Bukhari da Muslim duk sun kawo. Ki ƙara mata da tarihi. A shekara ta 930, wato 317 Hijiriyya, wasu mutane da ake kira Ƙaramiɗa suka auka wa Makka suka ɓalle dutsen suka tafi da shi gabashin Larabawa, ya yi kusan shekara 22 a hannunsu, kuma ba Musulmin da ya daina sallah ko ya juya ya fuskanci inda aka kai shi. Yanzu ma gutsattsari ne aka haɗa cikin zoben azurfa. Ɗakin Ka'aba kansa an rushe an sake ginawa ba sau ɗaya ba, ranar da aka buɗe Makka a shekara ta 630 aka fitar da gumaka 360 daga harabarsa, Bilal ya hau kansa da ƙafafunsa ya yi kiran sallah. Abin da kake bauta wa ai ba ka hawa kansa. Kuma kafin Ka'aba an yi wata 16 ko 17 a Madina ana fuskantar Kudus, da umarni ya sauya aka juya, don mai umarnin ake bi.

Amma ki shirya, don adalci hanya biyu gare shi. In ƙawar taki ƴar Katolika ce ki ka ce mata ai ku ma mutum-mutumin Maryamu kuke durƙusa wa, kusan irin amsarki za ta ba ki, za ta ce girmamawa ce da tunawa, bauta ta Allah ce. Masu ilimin addinin Hindu da yawa ma haka za su ce game da nasu siffofin. Ba dole ki yarda da bayaninsu ba, ni ma ban yarda ba, sai dai kafin ki ce wa mutum ga abin da yake bauta wa, ki fara jin abin da shi ya ce yana yi, tunda kin ɗanɗana yadda abin yake in aka yi miki fassarar addininki ba a tambaye ki ba. Kuma ku ci gaba da cin abincinku tare.

TAMBAYA: Malam ni direba ne a Haɗejia. A WhatsApp ana ta yawo da saƙo wai masallacin nan mai ƙubbar zinare ba shine Ƙudus ba, Yahudawa ne ke tallata hotonsa don mu manta da na gaskiya. Wanne ne na gaskiyan? Kuma su Yahudawa da Kiristoci me ya haɗa su da wurin?

AMSA: Malam direba, saƙon nan ya daɗe yana yawo, kuma ya ƙara rikita mutane ne maimakon ya warware. Masallacin Aƙsa shi ne filin gaba ɗaya, kusan hekta 14 a cikin katanga. Mai ƙubbar zinaren sunansa Ƙubbatus Sakhra, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya gina shi wajen 691 a kan wani falalen dutse, zinaren da kake gani yana walƙiya kuma Sarki Husaini na Jodan ne ya sabunta shi a farkon shekarun 1990. Mai ƙubba ruwan toka da ke kudancin filin shi ake ce wa Masallacin Ƙibli, nan liman ke tsayawa. Dukansu a cikin Aƙsa suke, wanda ya yi sallah a gindin zaitun a tsakar filin ma a Aƙsa ya yi. Tun 1967 gabashin birnin Ƙudus yana hannun Isra'ila, amma kula da cikin harabar yana hannun hukumar waƙafi da ke ƙarƙashin Jodan.

Yahudawa kuwa a wajensu nan ne haikalinsu ya tsaya, na farko wanda suke danganta wa Annabi Sulaiman, na biyu kuma Rumawa suka rushe a shekara ta 70 Miladiyya. Abin da ya rage musu shi ne wani ɓangare na katangar yamma da ta tokare tudun, can suke tsayawa suna addu'a suna cusa ƴan takardu a tsagar duwatsu, katangar da mu muke kira ta Buraƙa. Wato gini ɗaya, wannan na sallah a sama wancan na addu'a a ƙasa, shi ya sa ko tsakuwa aka taɓa sai duniya ta ji.

Na Kiristoci yana ɗan nesa kaɗan, tafiyar ƙafa ce ta mintuna, don tsohon birnin duka bai cika murabba'in kilomita ɗaya ba. Cocin Kabari Mai Tsarki, inda suka yi imani an gicciye Annabi Isa an binne shi ya tashi, mu kuwa Alƙur'ani ya ce mana ba a kashe shi ba ba a gicciye shi ba. An buɗe cocin a shekara ta 335 zamanin Sarkin Rumawa Kustantin. Malaman tarihi sun kawo cewa da Sayyidina Umar ya karɓi birnin, lokacin sallah ya riske shi a cocin aka ce ya yi a ciki, ya ƙi, ya fita waje, don kada na baya su ce Umar ya yi sallah a nan su ƙwace. Ga kuma abin da nake so ka ba fasinjojinka labari, har gobe mabuɗin ƙofar cocin nan yana hannun Musulmi. Gidan Juda ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗewa da rufewa, ɗaruruwan shekaru kenan. Ɗarikun Kirista shida ne ke raba wurin kuma ba mai yarda ɗan'uwansa ya riƙe, har akwai wani tsani na katako da ke jingine ƙarƙashin wata taga tun ƙarni na 18, ba mai ikon ɗauke shi sai duk sun amince. In ka ji wannan sai ka ga rigimar limanci a garuruwanmu da sauƙi.

TAMBAYA: Malam mahaifinmu ya haura 80, mu mutanen ƙasar Gwaram ne. Burinsa kafin ya rasu yaje Hubbaren Shehu a Sakkwato tunda Allah bai bashi ikon Makka ba. Yayanmu ɗan Izala ne yace ba da kuɗinsa ba shirka ce, ƙaninmu ɗan ɗariƙa yace ko bashi zai ci ya kai shi, yanzu ko gaisawa basa yi, tsoho kuma yayi shiru ya daina maganar. Ni mace ce a tsakiya, ya zanyi?

AMSA: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Shirun nan nasa shi ya fi damuna a duk saƙon.

Ki sani wannan gardama ba a gidanku aka fara ba. Ziyarar kabari ita kanta ba mai musu a kanta, hadisin Muslim ne, Annabi (SAW) ya ce da na hana ku ziyarar kaburbura, to ku ziyarce su. Inda aka rabu shi ne ɗaura kaya a yi doguwar tafiya musamman don kabari. Akwai hadisin da ya ce ba a ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku, na Makka, na Madina da na Aƙsa. Ibn Taimiyya ya fahimci cewa hanin ya haɗa da kaburbura, har aka tsare shi a Dimashƙa kan wannan fatawa a 1326, a tsaren ya rasu a 1328. Malamai da yawa kuma irin su Subki suka ce a'a, maganar masallatai ake, wato kada ka wahalar da kanka zuwa wani masallaci kana zaton ya fi lada, amma tafiya don ziyara ko neman ilmi ko kasuwa ba ta shiga ba. Shekara 700 kenan manya ba su gama ba, ba yayanku da ƙaninku ne za su gama a tsakar gida ba.

Kuma ko'ina ka duba a duniyar Musulmi za ka ga ɓangarorin nan biyu. A Madina an rushe ƙubbobin maƙabartar Baƙi'a a 1926, yau ba ka gane kabarin wani sai an nuna maka. A wani gefen kuma mutanenmu na zuwa Kaulaha inda Shehu Ibrahim Inyass yake, wanda ya rasu a 1975, suna zuwa Fas wajen Shehu Tijjani, suna zuwa Bagadaza wajen Sidi Abdulƙadir. A Sanigal duk 18 ga Safar garin Tuba cika yake da miliyoyin muridan Ahmadu Bamba, bayan kwana biyu kuma, 20 ga Safar, ƴan Shi'a ke isa Karbala, da yawansu a ƙafa daga Najaf, kusan kilomita 80. Nan gida ma ga maukibin Ƙadiriyya a Kano duk shekara. Hubbaren kansa tun rasuwar Shehu a 1817 ake zuwa, ƴarsa Nana Asma'u ma can take kwance, kuma matan karkara sun daɗe suna zuwa ƙungiya-ƙungiya, wasu su zarce Wurno wajen Sarkin Musulmi Bello.

Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai ya fi abin da suka rabu yawa. Ba a yi wa kabari sujada, ba a zagaya shi kamar ɗawafi, ba a yanka don mai kabari, kuma ba wanda ya ce zuwa Sakkwato na tsayawa a madadin Hajji, wanda bai da iko Allah ya riga ya ɗauke masa. Ki zaunar da Baba ki tambaye shi a hankali me yake so ya yi in ya je. Ina kyautata zaton zai ce ya yi sallama, ya yi wa Shehu addu'a, ya ga wurin da idonsa. In haka ne ku kai shi. Yayanku ya riƙe kuɗinsa, ba a tilasta wa mutum abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba, amma kalmar shirka a kan uban da ya haife shi ta yi nauyi, kuma ƙaurace wa ɗan'uwa sama da kwana uku wannan kam ba saɓani a kan haramcinsa. Ƙaninku kuma kada ya ci bashi, ku yi karo-karo bayan kaka, ku tafi da sanyi don hanyar da nisa ga mai shekara 80.

TAMBAYA: Malam a finafinan Indiya kullum sai naga suna shiga wani kogi suna zuba toka da furanni. Wai kogin suke bauta wa? Daga wata matar aure a Gezawa.

AMSA: Kogin Ganga kenan. Mabiya Hindu na ɗaukarsa uwa kuma abar bauta, sun yi imani wanka a cikinsa na wanke zunubi, tokar kuma ta mamatansu ce da suke ƙonawa, shi ya sa tsofaffi da yawa ke fatan ajalinsu ya riske su a birnin Baranasi a bakin kogin. Suna da taron Kumbh Mela da ke zagaya garuruwa 4, kowane gari babban nasa duk shekara 12. Na farkon 2025 an yi kwana 45, hukumominsu suka ce an haura miliyan 600, ko da yake ni ina ɗaukar wannan lissafi da taka-tsantsan don wanda ya shiga ruwa sau uku ana iya ƙirga shi uku. Ko an raba biyu dai abin ya wuce misali, Hajjin 2024 mutum miliyan 1.8 ne.

Amma Indiya ba Hindu kaɗai ba ce. Masu rawanin nan da gemu da kike gani, Sikh, addininsu daban, babban wurinsu yana Amritsar, ƙofofi huɗu gare shi alamar kowa ya shigo, ka cire takalmi ka rufe kai, kuma kullum dubban mutane ke cin abinci kyauta a zaune a ƙasa, mai kuɗi kusa da almajiri. A Ajmer akwai kabarin waliyyi Mu'inuddin Chishti da Hindu ma ke cika shi. A tsibirin Siri Lanka kuma akwai wani dutse mai tsawon mita 2,243 da wata alama kamar sawun ƙafa a ƙolinsa, ƴan Buddha su ce na Buddha ne, Hindu su ce na Shiba ne, Musulmin can su ce na Annabi Adam ne, Ibn Baɗuɗa ma ya hau a 1344. Ba kullum ake wanyewa lafiya haka ba, masallacin Babri da aka rushe a 1992 ya ci rayuka da yawa, yanzu haikali ne a wurin.

TAMBAYA: Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu. Ina so in kai ƴan aji shida Dutsen Habude su ga zanen da ke jiki, iyaye sunce wurin iskoki ne.

AMSA: Ka kai su Malam. Zanen shanu ne da mutanen da suka riga mu zama a wurin suka yi, kuma ka sa yaran su lura da kyau, shanun ba su da tozo, ba irin waɗanda suke kiwo yanzu ba ne, daga nan kaɗai ka sami darasin sati guda. Akwai irinsa a Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, da duwatsun da in an ƙwanƙwasa suke ƙara kamar ƙarfe. Tun shekarun 1950 masu bincike ke rubutu a kansu, kuma suna ƙarƙashin hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. Kallo ba bauta ba ne, mutanen Kano na hawa Dala ranar Takutaha ba wanda ya ce Tsumburbura suka je gaisarwa.

Iyaye kuwa kada ka yi musu gardamar akwai iska ko babu, ba za ka ci ba. Ka je wajen liman da mai unguwa tukuna, ka roƙi iyaye biyu ko uku su raka ku, a tafi da hantsi a dawo kafin azahar. A sa takalmi mai rufi saboda kunama da maciji a tsagar duwatsu, a ɗauki ruwa, a nemi mai gadin wurin ya zagaya da ku, kuma ka ƙwace gawayi da alli daga aljihunsu tun a makaranta, don na san halin ƴan aji shida da rubuta suna a bango.

Masu tambaya kan rijiyar Kusugu da kurmin Osun na Oshogbo, saƙonninku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.